Hotunan Katako na Ƙasar Japan

'Yan'uwana 'yan makaranta, kowa da abin da yake sha'awar tarawa. Wani kan sarki yake tarawa, wani tsofaffin kuɗi. Ni kuwa hotunan ƙasar Japan nake tarawa, musamman masu nuna gadoji a lokacin hunturu, sa'ad da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa.

Waɗannan hotuna ba da na'ura ake ɗaukarsu ba, bugawa ake yi da katako. Da farko mai zane zai zana hoton a takarda. Sa'an nan masassaƙi ya manna ta a kan allon katako, ya sassaƙe wurin da babu zane, ya bar layukan a tsaye. Kowane launi da nasa allon. Daga nan mai bugawa ya shafa launi, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da hannu. Don kada launuka su kauce, akan yi 'yar alama a gefen kowane allo inda bakin takarda zai zauna.

Gwanin da na fi so shi ne Hiroshige, wanda ya rayu daga 1797 zuwa 1858. Wajen 1833 ya fara fitar da hotunan zango 53 na hanyar Tokaido, wadda ta haɗa Edo, watau Tokiyo ta yanzu, da Kiyoto. A cikinsu akwai ƙauyen Kanbara da dare, mutum uku suna tafe cikin ƙanƙara. A 1857 kuma ya zana gadar dutse ta Meguro, mai baka kamar ganga, ta yi fari fat.

To, ga abin mamaki. Yawancin farin nan na ƙanƙara ba fenti ba ne, takardar ce kawai aka bari ba a taɓa ta ba. Launin sama da na ruwa ne ke sa ido ya ga ƙanƙara. Saboda haka in takarda ta dafe ko ta yi ja, ƙanƙarar ta tafi ke nan, ba mai mayar da ita.

Wannan shi ya sa adana ya fi saye wuya. Bugun asali yana da tsada ƙwarai, nawa duk sababbin bugu ne na kalanda da kati, amma ina kiyaye su kamar na asali. Ba na rataye su inda rana ke bugu, don haske yana kashe launi. Ba na manna su da gam. Nakan sa kowane tsakanin fararen takardu masu tsabta a cikin akwati, nesa da ƙurar hunturu da raɓar damina da gara.

Iyayenmu, in kun ga yaro da irin wannan sha'awa, ku taimake shi da akwati ko da ƙarami ne. Wanda ya iya tsare farar takarda shekara da shekaru, ai zai iya tsare amanar da ta fi ta. Allah ya sa mu dace, amin.