Wuƙar Aljihu a Ƙasar Waje: Abin da Ɗan Kaduna Zai Sani Kafin Ya Fita da Ita

Daga Kawo har Tudun Wada, babu wanda ke ɗaga ido don wani ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu. Mai rake a bakin tashar Kawo da ita yake feraye. Mai lemu ya juya shi a tafin hannu, ɓawon na sauka siriri, a murɗe, bai tsinke ba har ƙarshe. Malamin allo ya fiƙe alƙalami, dattijo ya gyara bakin asuwaki ko ya tsaga goro bayan La'asar a gefen masallacin Sultan Bello. Idan Babbar Sallah ta ƙarato kuwa, kakar masu wasa wuƙa ta yanke saƙa, domin wanda ya sayo rago a Zango ba zai kwana da dakusasshen barho ba. A wurin mutanen nan wuƙa kayan aiki ce, kuma sun yi gaskiya.

Matsalar tana farawa ne ranar da mai wannan sabo ya sauka Landan ko Manchester don karatu ko aiki. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma dokar wuƙa tana cikin abubuwan da ba a faɗa wa mutum a filin jirgi.

A Ingila da Wales, dokar da ake aiki da ita ta shekarar 1988 ce, sashe na 139. Ta haramta fita bainar jama'a da duk wani abu mai kaifi ko tsini ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Wuƙa iri ɗaya ta keɓe: mai naɗewa, wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62. Sai dai akwai sharaɗin da ba a rubuta ɓaro-ɓaro a dokar ba, alƙalai ne suka fito da shi a farkon shekarun 1990, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar a 1998: idan wuƙar tana kullewa bayan an buɗe ta, sai an danna wani abu ko an murɗa zobe kafin ta naɗe, to ta fita daga keɓancewar, komai ƙanƙantarta. Nan ne masu hankali ma suke faɗawa, saboda wuƙa mai kullewa ita ce ta fi aminci ga yatsa, ita mai sayayya zai fi zaɓa, kuma shago zai sayar masa ba tare da wata tambaya ba in dai ya kai shekara 18. Saye halal ne, ajiyewa a gida halal ne, yawo da ita ne laifi.

Hukuncin na iya kaiwa ɗaurin shekara 4, a Scotland kuma 5. Babban mutumin da aka kama karo na biyu, mafi ƙarancin abin da doka ta tanada masa wata 6 ne. Ga baƙo abin ya wuce nan, domin laifin yana shiga takardunsa, za a kuma tambaye shi duk lokacin da ya je sabunta biza ko neman zaman dindindin. Wata doka ta 2007 ta ce baƙon da aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, korarsa daga ƙasar ita ce ƙa'ida. Abin tausayi ne mutum ya sayar da fili a Rigachikun ya biya kuɗin makaranta, sannan ƙarfen da bai kai tsawon tafin hannu ba ya dawo da shi gida.

To mene ne ƙwaƙƙwaran dalili? Dokar ta ambaci aiki, da addini, da tufafin gargajiya na ƙasa. Mahauci ko mai dafa abinci da ke kan hanyar wurin aikinsa, wuƙaƙensa a naɗe cikin jaka, yana da hujja. Mai aikin sito da ke yanka kwali yana da ita a lokacin aiki. Idan ya tashi ya wuce gidan abokai da wuƙar kwalin a aljihun riga, hujjar ta raunana, kuma kotu ta taɓa yanke cewa mantuwa kaɗai ba dalili ba ce. Wadda aka bari a aljihun mota a kan titi ita ma ana lissafa ta. Mabiya addinin Sikh suna ɗaukar 'yar wuƙarsu saboda addininsu ya wajabta musu, mutanen Scotland kuma suna soke tasu a safa idan sun yi shigar gargajiya. Musulmi ba shi da irin wannan wajibi, don haka kada wani ya dogara da shi. Ko layya ma ba ta zama uzuri, tunda yankan addini a can sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Mutane kan ba mahaucin halal kuɗi ne, su karɓi nama a yanke.

Amsar da ta fi kowace muni ita ce wadda ta fi saurin zuwa baki: don kare kai. Wanda ya taso a garin da 'yan sara-suka da masu ƙwacen waya suka addabi unguwanni zai ga wannan magana daidai ce. Ɗan sandan Birtaniya kuwa abin da zai ji shi ne mutum ya amsa da bakinsa cewa makami ya ɗauko. Da wannan amsa, ko 'yar ƙaramar da doka ta yarda da ita tana iya zama laifi.

Sauran ƙasashe kowace da nata. Jamus ta hana yawo da wuƙa mai kullewa da ake buɗewa da hannu ɗaya, da mara naɗewa wadda ruwanta ya wuce santimita 12. Bayan harin 23 ga Agusta 2024 a Solingen, garin da ya yi suna da ƙira, inda aka kashe mutum 3 a wurin biki, an ƙara hana wuƙa kowace iri a bukukuwan jama'a da jiragen ƙasa masu dogon zango. A Faransa, ɗaukar wuƙa ba tare da halattaccen dalili ba na iya jawo ɗaurin shekara 1 da tarar Yuro 15,000. Amurka kuwa sai an tambayi jiha da birni: abin da Texas ta bari, birnin New York ya hana, inda ruwan wuƙa mai inci 4 ko fiye haramun ne a titi, ƙaramar ma ba a so a hango ta maƙale a bakin aljihu.

A jirgin sama maganar gajeriya ce. Wuƙa, da aska, da babban almakashi, duk su shiga akwatin da za a auna, ba jakar hannu ba. Amurka ta hana ko 'yar mitsitsiya a cikin jirgi tun bayan harin 11 ga Satumba 2001.

Duk wannan bai hana mai sha'awa tarawa ba, kuma sha'awa ce mai kyau, musamman ga wanda ya san darajar aikin maƙera da na dukawan da ke ɗinka kube. Opinel ta Faransa, mai ƙotar itace, tun 1890 ake yin ta. A 1955 aka ƙara mata zoben kullewa, kuma yau daga lamba 6 zuwa sama duk suna da shi, don haka lamba 8 da aka fi saye ta gida ce a Birtaniya, ba ta aljihu ba. Douk-Douk, da ake ƙerawa a Thiers tun 1929, ta bazu a ƙasashen Afirka da Faransa ta mulka, musamman Aljeriya. Okapi ta fara a Solingen a 1902, aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu a 1988, ita ma mai zoben tana kullewa. Wuƙar damtse irin ta Buzaye, da kubenta na jan fata, ta yi kyau a bangon falo, a can kuma ya kamata ta tsaya. Wuƙaƙe masu fitowa da danna maɓalli kuwa, ko a cikin ɗaki haramun ne mallakarsu a Ingila da Wales tun 2021.

Wanda ke son abin fere tuffa ko yanke zare a aljihu, jar Victorinox ta Suwizalan matsakaiciya, mara kullewa, ta ishe shi. Ita ma a bar ta a gida ranar zuwa kotu, ko filin ƙwallo, ko ofishin shige da fice. Iyayen da suka tafi da yara kuma su zaunar da su tun makon farko, su duba jakar makaranta da kansu, domin harabar makaranta tana da nata sashen a dokar, kuma a Ingila yaro ɗan shekara 10 ana iya gurfanar da shi a kotu.