Rauni a Jiki, Babu Shi a Takarda

Sojan Amurka idan ya tuɓe kaki, takarda ɗaya ce ke binsa har ƙarshen rayuwa, ana ce mata DD-214. A cikinta aka rubuta ranar da ya shiga aiki, ranar da ya bari, da lambobin yabon da ya samu. Asibitin tsoffin sojoji ita zai nema, jami'a ita, mai ɗaukar aiki ita, har masu kula da maƙabartar soja. Ni kuwa aikina a ofishin taimakon tsoffin sojoji shi ne farautar abin da ya kamata ya kasance a takardar nan amma aka wayi gari babu shi. Abin da ya fi zuwa teburina shi ne raunin fagen fama wanda ba a rubuta ba, wato lambar Purple Heart da mutum ya cancanta bai samu ba.

Dalilin kawo zancen da Hausa shi ne yaranmu na cikin rundunar nan, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Gana. Wasu sun shiga da katin zama na dindindin, wasu ta tsohon shirin MAVNI wanda ya sa Hausa cikin harsunan da ake nema. Kuma muna da wata ɗabi'a da ke cutar da mu a wannan harka.

Lambar tana da tsohon asali. George Washington ya ƙirƙiro magabaciyarta a 1782, aka farfaɗo da ita a 1932 zamanin da Janar Douglas MacArthur ke shugabantar sojan ƙasa. Bambancinta da lambobin jarumta shi ne ba sai wani babba ya yabe ka ba. Haƙƙi ce da ke tabbata idan sharuɗɗa uku sun cika. Raunin ya kasance daga aikin abokan gaba. Ya kai matsayin da sai likita mai muƙamin hafsa ya yi maganinsa. Sannan maganin ya shiga kundin lafiya na hukuma. Na ukun nan ne ke kayar da mutane.

Mu mun ce gani ya kori ji. A gaban kwamitin gyaran bayanan soja, rubutu ne ke korar gani. Kwamitin yana farawa ne da zaton cewa abin da hukuma ta rubuta daidai ne, nauyin kawo hujja yana wuyan mai ƙorafi. Sau da yawa ma ba za su ga fuskarka ba, fayil kawai za su karanta. Tabon da ke cinyarka bai san ranar da aka yi shi ba, bai kuma san ko nakiya ce ko faɗuwa daga mota.

Wani ɗan uwanmu da ya tuƙa motar kaya a Iraƙi ya zo mini da hoton ƙashi, ga gutsuren ƙarfe nan ɓaro-ɓaro a cinyarsa. Ya ce, "Malam, wannan bai isa shaida ba?" Na ce, "Ɗan uwa, wannan ya nuna akwai ƙarfe. Wa ya sa shi, kuma yaushe?" Nakiya ce ta tashi kusa da ayarinsu. Malamin jinya na rukuninsu ya wanke wurin ya ɗaure, ya ce a wuce da shi ga likita. Shi kuma ya ce ba komai. Ga wasu can an kwashe su jina-jina, shi zai tsaya kuka kan ɗan ƙwarzane? Ya kuma ji tsoron a aika labari gida, hawan jinin mahaifiyarsa ya tashi.

Wannan "ba komai" ita ce ɗabi'ar da nake nufi. Tun ranar shayi aka koya wa yaro cewa namiji ba ya raki. A gida dauriya ado ce, ban musa ba. Amma a tsarin da ba ya ganin komai sai abin da aka rubuta, mai dauriya shi ne wanda ba a taɓa ji wa ciwo ba. Yana zama kamar mai filin da duk unguwa ta san nasa ne, amma babu takardar mallaka a hannunsa.

Abin da ya ceci mutumin nan ƙananan abubuwa ne da shi kansa ya manta da su. Rahoton rukuninsu na ranar ya ambaci fashewar da lambar motarsa. Washegari ya je an sake masa ɗauri a ƙaramin asibitin sansani, wani jami'in lafiya ya rubuta layi biyu ya sa hannu. A takardar binciken lafiya da ake cikewa bayan dawowa daga fagen daga, ya amsa cewa fashewa ta rutsa da shi. Sai kuma shaidu biyu, domin sojan ƙasa na neman bayanin aƙalla mutum biyu da suka gani da idonsu. Shaidar da ke cewa "mutumin kirki ne, jarumi" ba ta da amfani ko na anini. Wadda ake so ita ce mai faɗin wuri, rana, inda mai shaidar yake tsaye, abin da ya gani, da wanda ya ɗaure raunin. A lura kuma: maganin da malamin jinya ya yi yana iya wadatarwa, muddin likita ya rubuta cewa raunin ya kai a ce shi ne ya duba da yana kusa.

Raunin ƙwaƙwalwa ya fi wannan wahala, tunda babu jini. Sojan ƙasa ya fayyace cewa girgizar ƙwaƙwalwa daga fashewa tana iya jawo lambar, idan mutum ya suma, ko likita ya hana shi cikakken aiki fiye da awa 48 saboda alamun ciwon. Ko bayan haka ba a daina jayayya ba. Ranar 8 ga Janairu 2020 Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin Al Asad a Iraƙi, sojoji fiye da 100 aka tabbatar sun samu raunin ƙwaƙwalwa. Da farko mutum 29 aka ba lambar. Sai a Disamba 2021 aka amince da ƙarin 39. Idan harin da duniya ta gani ya ɗauki kusan shekara biyu, to ina ga nakiyar da ta tashi a hanyar ƙauye? Ciwon firgicin bayan yaƙi kuwa ba ya cikin abin da ake ba lambar a kansa, ko da yake ana biyan diyyarsa ta wata ƙofar. Haka bugun rana da haɗarin mota wanda babu hannun abokan gaba. Amma harsashin ɗan uwa soja da ya same ka bisa kuskure ana tsakiyar artabu, doka ta lissafa shi.

Hanyar nema ba ta da tsada, haƙuri take ci. Fara neman fayil ɗinka gaba ɗaya, na aiki da na lafiya, da fom SF-180. Daga nan a kai buƙata ofishin lambobin yabo na rundunarka. Na sojan ƙasa yana Fort Knox a Kentucky. Idan suka ƙi, sai a cike fom DD-149 zuwa kwamitin gyaran bayanai, wanda kowace runduna ke da nata, sojan ruwa da na Marine suna tarayya a ɗaya. Doka ta ce cikin shekara 3 da gano kuskuren, amma kwamiti na da ikon yafe jinkiri domin adalci, saboda haka kada tsufan magana ya hana ka. Idan mai raunin ya rasu, matarsa ko ɗansa ko magajinsa na iya nema. Kuma ƙin farko ba rufe ƙofa ba ne: duk lokacin da aka kawo hujjar da ba su taɓa gani ba, dole su sake dubawa.

Fayilolin tsofaffi suna da nasu bala'in. Gobarar 12 ga Yuli 1973 a cibiyar ajiyar bayanan soja ta St. Louis ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin ɗari na sojan ƙasa da suka bar aiki tsakanin 1912 da 1960. A irin wannan sai a koma ga rahoton safiya na rukuni, katunan kwantar da marasa lafiya, ko wayar tangaraho da aka aika wa iyali, wadda sau tari tana nan a ƙasan akwatin wata tsohuwa.

Wasu kan zo da zaton lambar tana da albashi. Ba ta da shi. Diyyar nakasa dabam take, a ma'aikatar tsoffin sojoji ake nemanta, ko da lamba ko babu. Abin da lambar ke kawowa shi ne matsayi na uku a jerin fifikon asibiti, ƙarin maki 10 wajen neman aikin gwamnatin tarayya, da cikakken tallafin karatu ga wanda ya samu lambar daga 11 ga Satumba 2001 zuwa yau, komai gajartar aikinsa. Wanda ya fi mini muhimmanci shi ne tana tabbatar da cewa ka shiga artabu, kuma doka ta sassauta wa irin wannan soja wajen karɓar bayanin bakinsa kan abin da ya same shi a fagen fama.

Fom ɗin nan duk kyauta ne, kuma akwai wakilai masu izini da ke taimakawa ba tare da karɓar sisi ba. Wanda ya ce ka biya shi zai "shirya" maka shaidu, guje shi. Tun 2013 laifi ne a dokar tarayya mutum ya yi ƙaryar samun lambar don ya ci wata riba. Ku kuma da har yanzu kuke cikin kaki, da iyayen da ke waya da su: duk ranar da wani abu ya fashe kusa da kai, ko kunne ne kawai ya ɗauki ƙara, je ka ga likita, tabbatar ya rubuta rana da sanadi, karɓi kwafi, ka kuma ajiye cikakken sunan mutum biyu da ke wurin.