Tambutu a Bakin Turawa

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya daɗe yana karatun Turanci zai lura da cewa Turawan Ingila suna son ɗaukar sunan gari su mai da shi karin magana. Idan suna so su ce mutum ya yi aikin banza, sai su ce "he is carrying coals to Newcastle", watau ya kai kwal garin da ake haƙo kwal, kamar mu ce wani ya yi dakon gishiri zuwa Bilma. Yanzu an rufe ramukan kwal na wannan yanki, amma maganar tana nan daram. Wadda ta fi damuna ita ce ta wani gari na nan Afirka ta Yamma, wanda mu muke kira Tambutu, su kuma su ce Timbuktu, wani lokaci su rubuta Timbuctoo.

Idan Bature ya ce "from here to Timbuktu", ba tafiya ƙasar Mali yake nufi ba. Yana nufin wuri mai nisan gaske, irin abin da mu muke cewa bangon duniya ko Birnin Sin. Uwa tana iya ce wa ɗanta ta neme shi daga nan har Timbuktu, alhali kuwa ko unguwarsu ba ta fita ba. To, yaya aka yi gari mai masallatai da kasuwa da malamai ya zama sunan wurin da ba a zuwa?

Asalin abin zinariya ce. A shekarar 1324 Mansa Musa, Sarkin Mali, ya tafi aikin hajji, ya yi ta rabon zinariya a Alƙahira har darajarta ta faɗi. Labari ya tsallaka teku, aka zana hotonsa riƙe da zinariya a wata taswira da aka yi a Turai a 1375. Daga baya wani matafiyi da Turawa ke kira Leo Africanus ya ziyarci Tambutu, ya rubuta littafi, aka juya shi zuwa Turanci a 1600. Ya ba da labarin dukiyar sarki, ya kuma ce cinikin littattafai ya fi kowane ciniki riba a garin. Masu karatu dai da alama zancen zinariyar suka riƙe, suka bar na littattafan.

Sai zuwa ya gagara. Ta arewa ga hamada, ta bakin teku ga zazzaɓi, ga shi kuma mutanen ƙasar ba su yarda da baƙon da ba a san abin da ya kawo shi ba. Wata ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Faris har ta sa ladan faran 10,000 ga wanda zai je ya dawo da labari. Manjo Gordon Laing ya taso daga Tarabulus, ya isa a 1826 bayan ya sha sara a hanya, amma 'yan kwanaki da barinsa garin aka kashe shi. Wanda ya ci ladan wani Bafaranshe ne, René Caillié, wanda ya shiga a 1828 da sunan Abdullahi, yana cewa shi Musulmi ne ɗan Masar. Ya yi kwana goma sha huɗu, ya koma ya ce gidajen ƙasa kawai ya gani, babu wani rufin zinariya. Ashe garin ya riga ya ja baya tun da sojojin Maroko suka ci daular Songhai a 1591, suka kwashe manyan malamai irin su Ahmad Baba. Abin dariya, a 1829 wani ɗalibin jami'ar Kambirij, Alfred Tennyson, ya ci lambar yabo da waƙa a kan Tambutu, shi da ko ƙasar Afirka bai taka ba.

Da zinariyar ta zama tatsuniya, abin da ya rage a zukatan Turawa shi ne nisa da wahala. Wannan ne ya zauna a harshensu har yau. Wata ƙuri'ar jin ra'ayi da aka yi wa matasa 150 a Ingila a 2006 ta nuna wajen kashi ɗaya cikin uku ba su ma yarda akwai garin ba.

Amma nisa daga ina? Iyayenmu da suka ji labarin fatauci daga kakanninsu sun san ba haka abin yake a nan ba. Dokta Barth, Bajamushen da aka fi sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa ana kai kayan saƙin Kano har Tambutu. Shi kansa ya bi ta Katsina da Sakkwato da Gwandu, ya isa can a 1853, ya zauna wata da watanni a hannun Shehu Ahmad al-Bakkay. Kakan Ahmad Baba ma ya taɓa koyarwa a Kano. Garin da kake sayar wa tufafi, malamansa su zo su karantar da kai, ai maƙwabci ne.

Ban ce a daina amfani da wannan magana ba. Idan ta fito a jarrabawa aka ce a faɗi ma'anarta, a ba su tasu ma'anar, wuri mai nisa ƙwarai, domin ita ce za ta kawo maki. Sai dai ni tana yi mini nauyi in sa ta a rubutuna. Ku ɗauko taswira ku auna da kanku: daga Kano zuwa Tambutu bai kai kilomita 1,400 ba a miƙe, daga Kano zuwa Landan kuwa ya haura 4,000.