Yadda ake kai yara ƙanana yawon kimiyya a Dutsin-Ma da Kurfi

A birnin San Francisco na Amurka akwai gidan kimiyya mai suna Exploratorium, wanda Frank Oppenheimer ya buɗe a 1969. Tsarin gidan shi ne yaro ya taɓa: ya murɗa, ya ja, ya hura, ya ga abin da zai biyo baya. Irin wannan gini bai iso mu ba tukuna, gidan tarihi na Katsina kuwa, da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, na kallo ne da ido. Amma kayan gwajin suna nan baje cikin garuruwanmu, a maƙera, a wurin magina tukwane, a shagon mai cajin waya. Tsari kawai ake bukata, kuma ga shi.

Ku fara da zaɓen rana. Lokacin sanyi, Disamba zuwa Janairu, ya fi dacewa, domin zafin bazara yana gajiyar da yaro kafin ya ga komai. A fita bayan karin kumallo, a dawo kafin azahar. Idan yaran 'yan shekara huɗu zuwa takwas ne, kada babba ɗaya ya riƙe fiye da uku, kuma wurare biyu ko uku sun isa. Maganar tsaro ba a wasa da ita a wannan yanki: duk inda za a bar cikin gari, a tambayi mai unguwa da mutanen wurin tun da safe. In an ji ɗar, a tsaya cikin gari.

Kwana ɗaya kafin fitar, ku je da kanku ku nemi izini. Ku gaida Sarkin Maƙera, ku ce, "Ranka ya daɗe, yara nake so in kawo gobe su ga aiki." Ku riƙa masa goro ko ɗan ihsani. Mai sana'a in an girmama shi, shi da kansa zai zama malamin yaran. A jaka kuma a sa ruwan sha, dabino ko ƙuli-ƙuli, alli, matajin roba, da maganaɗisu. Maganaɗisun ba sai an saya ba, mai gyaran rediyo zai ciro muku daga bayan tsohuwar sifika.

Gwajin farko a tsakar gida yake, kafin a sa takalmi. A kafa sanda a tsaye inda rana ke bugu, yaro ya ɗora tsakuwa a ƙarshen inuwarta. Kada a ce masa komai. In an dawo zai tarar inuwar ta gudu ta bar tsakuwarsa, ta kuma gajarce. Wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi take kai matuƙar gajarta, daga nan ta soma tsawo ta ɓangaren gabas. Wannan shi ne zawali, kuma da shi ladanai ke gane shigar azahar tun ba a san agogo ba. Yaron da ya ɗora tsakuwar da hannunsa ya riƙe darasi biyu ke nan, na tafiyar rana da na lokacin salla.

A maƙera za a fi daɗewa, don nan ne abin kallo ya fi yawa. Yara su durƙusa su gaida manya, sannan a ja musu layi a ƙasa, taku uku daga wuta, wanda ba mai tsallakawa sai an kira shi. Takalmi dole ne saboda tartsatsi da gutsattsarin ƙarfe. Da farko su kalli gawayi yana ci a hankali, ja-ja-ja. Sai a kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kama zuga-zugi tare da ɗan maƙeri ya danna. Nan take wutar za ta yi huci ta yi haske. In ya saki, ta lafa. Ya sake dannawa, ta sake tashi. Ku bar shi ya maimaita har ya gaji, ko da ku kun ƙosa, domin a maimaitawar ne yake gane cewa iska ce abincin wuta. Sannan su sa ido kan ƙarfen da ke cikin awartaki: baƙi ne, ya koma ja, ya koma ruwan lemo, aka ɗora shi kan uwar maƙera, masaba ta lanƙwasa shi. A miƙa wa yaro irin wannan ƙarfen mai sanyi ya gwada lanƙwasawa. Kafin a tafi, a ba shi maganaɗisu ya ja a ƙasan wurin. Garin ƙarfe zai manne jikinsa tsaye-tsaye kamar gashin bushiya, yashi kuwa ya ƙi bi. Ya gwada kan ƙusa, kan kara, kan cokalin alminiyam, ya ware masu kamawa gefe guda.

A nan ne tambayoyi ke ɓarkewa, kuma a nan ne manya ke ɓata tafiyar. Wani ya daka tsawa, "Kai ka cika surutu!" Wani kuma ya shiga dogon bayani irin na aji. Duka biyun suna kashe sha'awa. In yarinya ta ce, "Baba, me ya sa cokalin bai kama ba?" a ce mata, "To ke me kika gani? Gwada wancan mu gani." In ba ku san amsar ba, ku ce za ku tambaya tare. Kuma 'yan mata su riƙe zuga-zugin nan daidai da maza, kada a bar su da riƙon jaka.

Wuri na biyu, wurin masu tukwane. Yaro ya tsoma hannu a ruwan randa, ya tsoma a na bokitin roba, ya faɗi wanda ya fi sanyi. Sai a jiƙa masa bayan hannu a hura. Sanyin da ya ji shi ne sirrin randa: ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. Da wannan dabara Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana tumatir da alayyafo ba tare da lantarki ba, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Ku sayo ƙaramar tukunya da babba, yara su haɗa tasu a gida.

Shagon mai caji ba ya ɗaukar lokaci. A sami ƙaramin faifan sola da ke haɗe da fanka ko ƙwan lantarki, yaro ya rufe shi da hula, ya buɗe. Tankin burtsatse mai sola kuwa daga ƙasa ake kallonsa, ba a hawa.

Madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983 kan kogin Karaɗuwa, tafiya ce ta daban, ranar da aka tabbatar hanya lafiya. Can za su ga kwale-kwale da lambunan rani. Amma kada ƙafar yaro ta shiga ruwan: ban da haɗarin nutsewa, ruwan kwance yana ɗauke da tsargiya. Gwajin abin da ke nutsewa da abin da ke yawo a kan ruwa, a baho za a yi shi a gida, da ƙwarya da dutse da lemo da ƙusa, yaro ya fara cankar kowanne kafin a jefa.

Da dare, a sa kowane yaro ya ba kakarsa ko mahaifiyarsa labarin abu ɗaya da ya yi da hannunsa. In da sauran ƙarfi, a goga mataji a gashi a ɗauki yagaggun takardu da shi, busasshiyar iskar hunturu tana sa gwajin ya yi kyau.

Saura abin da iyaye ba za su iya su kaɗai ba. Dutsin-Ma tana da Jami'ar Tarayya tun 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, duka da ɗakunan gwaje-gwaje. Shugabannin makarantun firamare na Dutsin-Ma da Kurfi, ku rubuta takarda zuwa sashen kimiyyar halittu na ɗayansu, ku roƙi awa ɗaya kacal a zango, yara goma su leƙa ɓawon albasa ta madubin ƙara girma.