Kafin Ka Taɓa Kwamfuta, Ɗauki Alƙalami

Ɗana, mahaifiyarka ta ce ka dawo hutu fuska a murtuke, wai darasin algoridim ya sha maka kai, har kana cewa manhaja ka je jami'a koyon rubutawa, ba wannan lissafin ba. Matso kusa, don ni ma na taɓa faɗin haka.

Ina sabon ma'aikaci aka ba ni sunayen ɗalibai in zaƙulo waɗanda aka rubuta sau biyu. Na haɗa 'yar manhaja mai ɗaukar kowane suna ta gwada shi da duk sauran. Na jarraba ta da suna 50, kafin ƙiftawar ido ta gama, na yi ta hura hanci. Ranar da aka ɗora mata suna 30,000 sai ta tsaya cik. Na yi la'asar na dawo, na yi magariba na dawo, janareta na ta shan mai. Ashe gwaji kusan miliyan 450 na jibga wa tsohuwar na'urar. Wani abokin aiki ya leƙo ya ce in fara jera sunayen bisa haruffa, masu kama sai su kwanta kusa da juna. Shayin da ya haɗa bai huce ba aka gama.

Tambayar da malamanka ke son ta zauna maka a ka ke nan: idan kayan suka ninku, aikin zai ninku sau nawa? Ɗauki falke mai son zaga garuruwa ya koma gida ta hanya mafi gajarta. In garuruwan 10 ne har da nasa, hanyoyin da zai zaɓa daga ciki 181,440 ne, abin wasa ga kwamfuta. In sun kai 20, na'urar da ke duba hanya biliyan ɗaya kowace daƙiƙa za ta ci kusan shekara biyu. In sun kai 25, sai ta ci kusan shekara miliyan goma. Ƙarin gari biyar kacal! A nan sayen sabuwar kwamfuta ba ya fid da kai.

Matsalar falken nan tana da dangi da yawa, ciki har da tsara jadawalin jarrabawa ba tare da karo ba. Stephen Cook a 1971 da Richard Karp a 1972 suka nuna cewa irinsu a ɗaure suke da igiya guda: wanda ya samo hanya mai sauri ta warware ɗaya ya warware duka. Har yau ba a samo ba, ba a kuma tabbatar babu ita ba. Tun shekarar 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay ta ajiye dala miliyan ɗaya ga wanda ya raba wannan gardama, wadda ake kira P da NP. Ban ce ka sa rai da kuɗin ba, ko da yake in ka ci kada ka manta da kawunka. So nake ka gane 'yan wannan dangi in sun zo maka da baƙuwar riga, ka daina neman amsa mafi kyau, ka nemi wadda ta yi kusa da ita.

Kada kuma ka ɗauka fannin baƙo ne gare mu. Kalmar algoridim daga sunan Alkhawarizmi ta fito, masanin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta ƙa'idojin cike gidajen hatimi da lambobi, mataki bayan mataki, yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya.

Gobe bayan asuba ka zo da takardar da ta kayar da kai, da alƙalami. Laftaf ɗin ka bar ta a ɗaki. Lambobi takwas za mu rubuta a gutsattsarin kwali, mu jera su da hannu a kan tabarma, kana ƙirga kowane gwaji da baki.