Yadda Ɗalibi Zai Ci Ya Ƙoshi da Ɗan Guzurinsa a Talata Mafara

Yaron da ya taso daga Faru ko Maradun ya sami gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ko a kwalejin aikin gona ta Bakura, yakan iso da ɗan kuɗin da iyaye suka ƙulla masa. Mako biyu yana cin indomi da ƙwai wajen mai shayi, sauran kwanakin wata kuma sai gari da ruwa. Abin yana damuna, domin ƙasar nan ƙasar abinci ce. Ruwan madatsar Bakolori yana shayar da shinkafa, dankali, albasa da tumatir har cikin rani.

Mataki na farko, nemi abokan tukunya. Ku uku ko huɗu ku haɗa kuɗi, ku jira ranar Talata, ranar da kasuwar Mafara ke ci. Awon tiya ya fi sayen ƙulli-ƙulli araha nesa ba kusa ba. Ku auno shinkafa 'yar gida, wake, garin rogo da ƙuli-ƙuli, sannan kwalbar man gyaɗa ko manja, gishiri, kanwa, kuka, busasshen barkono da albasa. Tumatir da ganye a bari sai yamma, lokacin da masu kaya ke neman rabuwa da su.

Na biyu, adana. Ku shanya waken ya bushe sarai, ku zuba a jarka mai murfi ku toshe, ƙwari ba za su sami iskar sha ba. Albasa a baza ta a inuwa, kada a bar ta cikin leda.

Sai girki, kuma garau-garau shi ne uban tafiya. Jiƙa gwangwani ɗaya na wake tun da dare, wannan kaɗai zai rage maka gawayi sosai. Da safe zubar da ruwan, sake wankewa, ka ɗora da 'yar ƙwayar kanwa. Kada ka cika ta, tana ɓata ɗanɗano kuma tana sa gudawa. Kafin waken ya yi laushi ka rege gwangwani biyu na shinkafa da kyau, saboda 'yar gida ba ta rasa tsakuwa. Idan waken ya fara murƙushewa tsakanin yatsu, zuba shinkafar da gishiri, rage wuta, rufe har ruwan ya tsotse. Soya albasa a mai, barbaɗa yaji. Mutum uku za su ci su tafi lacca ba tare da ciki ya yi kuka ba kafin la'asar.

Ranar da aka gaji da shinkafa, a yi ɗanwake. Kai wake injin niƙa, haɗa garinsa da na alabo ko fulawa, zuba cokali ɗaya na kuka, kwaɓa da ruwan kanwa har ya yi danƙo. Riƙa gutsura kana jefawa a tafasasshen ruwa. In sun taso sama, ba su kamar minti 10, sannan ka tsame cikin ruwan sanyi. Mai da yaji, shi ke nan.

Abincin da na fi so ɗalibai su riƙe shi ne kwaɗo, domin shi ke kawo ganye cikin cimarsu. Dafa zogale ko rama, matse ruwan, daka ƙuli-ƙuli, cakuɗa da albasa, tumatir, gishiri da ɗan mai. In aka jiƙa garin rogo aka haɗa, ya zama abincin rana sukutum. Da safe kuwa dafaffen dankali da garin ƙuli ya wadatar, ko hoce da ruwan shayi.

Abu biyu kada a yi wasa da su. Kurfoti a waje ake hura shi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum cikin barci, musamman lokacin hunturu da ake toshe tagogi. Sauran abinci kuma, a zafin Maris da Afrilu, ba ya kwana lafiya. Ku dafa daidai cikinku, abin da ya rage a ɗumama shi ya yi zafi sosai kafin a ci, wanda ya fara yami a zubar.