Albaras a jikin yaro: me magani zai iya yi?

Da yawa cikin yaran da ake kawo mini da albaras a nan Jos, kafin su iso an riga an goga musu tafarnuwa har fata ta saluɓe, ko an yi musu tsaga. Wannan yana damuna ƙwarai, domin duk inda aka ji wa mai albaras rauni, sabon fari na iya fitowa a wurin.

Iyaye, albaras ba kuturta ba ne, ba a ɗaukarsa, kuma ba cin kifi da madara ke kawo shi ba. Garkuwar jikin yaron ce ke afka wa ƙwayoyin da ke ba fata launi. Kusan rabin masu shi yana fara musu ne kafin shekara 20.

Mukan fara da man shafawa. A gangar jiki da ƙafafu muna ba da man sitiroyid na wasu makonni, a huta, a sake, don idan aka zarce fata takan yi siriri. Shi ya sa nake roƙo kada a sayo shi a kemis a yi ta lafta wa yaro. Fuska da fatar ido kuwa, man takrolimus ya fi dacewa da su. Idan farin ya bazu, akwai gashin haske na musamman sau biyu ko uku a mako, sai dai injinsa bai wadatu a ƙasar nan ba. A 2022 Amurka ta amince da man ruksolitinib ga 'yan shekara 12 zuwa sama, amma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancinmu.

Abin da ya fi wuya shi ne jira. Sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga ɗigo-ɗigon baƙi suna tsirowa a gindin gashi, a nan ne iyaye da yawa ke karaya su daina. Fuska tana saurin amsawa. Yatsu da leɓe kan yi taurin kai, kuma nakan faɗa wa uwa haka tun ranar farko.

Kada sanyin Jos ya ruɗe ku. Muna kan tsauni, ranarmu tana ƙona farin wurin, don haka a sa wa yaro hula da riga mai dogon hannu. A yi wa malaminsa bayani kafin tsokana ta kore shi daga aji. Idan kuwa tabon ba ya jin taɓi, wannan wani ciwon ne daban: a kai shi asibitin koyarwa da ke Lamingo ba tare da jinkiri ba.